Idan Kogin Kaduna Ya Cika: Yadda Za Ka Isar da Saƙon Gaggawa a Rediyo da Waya

Duk wanda ya taɓa kwanan aiki a gidan rediyo a Kaduna cikin watan Agusta ya san irin kiran nan. Ruwa ya wuni yana zuba, wajen ƙarfe ɗayan dare wayar tasha ta yi ƙara. Muryar magidanci ce daga Kigo Road, ko Bachama Road, ko gangaren Nasarawa, numfashinsa sama-sama: "Malam, ruwa ya fara shigo mana tsakar gida. Mu kwashe yara ne ko mu jira gari ya waye?" Bai tambaye ka sunan kwamishina ba, bai damu da ko milimita nawa aka yi ba. So yake ya san abin da zai yi yanzu. Na daɗe ina aikin labarai a garin nan, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mun ƙware wajen ba da labarin ɓarnar da ta riga ta auku, amma da ƙyar muke iya amsa wa wannan magidanci a daren da yake buƙatarmu.

Na rubuta wannan jagora ne don ƙannenmu da ke shigowa aikin jarida, da masu shafukan Facebook da dubban mutane ke bi, da shugabannin zaurukan WhatsApp na unguwanni, har da ladanin da makullin lasifikar masallaci ke aljihunsa. Ranar da iftila'i ya sauka, duk wanda jama'a ke saurare ya ɗauki nauyin da ɗan jarida ke ɗauka. Zan fi kafa misali da ambaliya don ita ce baƙuwarmu ta kowace damina, amma matakan suna aiki ga gobara da faɗuwar tankar mai da annoba.

Mataki na farko: aikin watan Maris da Afrilu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rabin aikin daren ambaliya ana yin sa ne tun da bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa.

Fara da littafin lambobi. Littafi na takarda nake nufi, mai bango, wanda zai zauna a ɗakin labarai, domin waya na mutuwa, tana faɗawa ruwa, kuma mai ita na iya tafiya hutu. Ka rubuta mutum biyu daga kowane waje: hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA, da ofishin takwararta ta ƙasa, wato NEMA, na Kaduna, da 'yan kwana-kwana, da 'yan sanda, da Red Cross, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini, da sashen gaggawa na asibitocin Barau Dikko da Yusuf Ɗantsoho da Gwamna Awan, da na Shika ga mutanen Zariya. Ka sa lambobin da ake kira kyauta: 112 ta gaggawa, 122 ta jami'an kiyaye haɗurra, 6232 ta hukumar yaƙi da cututtuka NCDC. Kada ka karanta wa jama'a wata lamba sai ka kira ta da kanka ka ji an ɗauka, kuma ka riƙa sake gwadawa duk wata.

Shafukan da suka fi daraja a littafin nan su ne na mutanen bakin kogi: masu unguwanni, masunta, masu kwale-kwale, masu yasar yashi, manoman fadama. Su ne ke fara ganin ruwa ya sauya launi, ya fara kawo itace da ciyawa, ya haura dutsen da suka saba aunawa da shi. Mai yasar yashi zai gaya maka kogi na tasowa tun kafin takarda ta fito daga kowane ofis. Ka je ka same su, ku gaisa, ku yi musayar lamba, su san fuskarka.

Sannan ka san kogin kansa. Kogin Kaduna daga tsaunukan Filato ya taso, ya ratsa garin nan, ya wuce madatsar Shiroro kafin ya faɗa Kwara. Ma'ana ruwan da aka tafka a can gabas yana iya cika kogin alhali sararin Kaduna garau yake, taurari a fili. Mutane da yawa ba sa yarda da gargaɗi idan ba su ga hadari ba, don haka wannan bayani ya kamata ya shiga kunnensu tun kafin damina ta nutsa.

Kowace shekara hukumar hasashen yanayi NiMet na fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da koguna kuma ta biyo da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ake jin ambaliya za ta shafa. Yawanci mukan karanta su sau ɗaya a labaran ƙarfe bakwai mu wuce. Ka zauna da takardun nan, ka zaro abin da ya shafi ƙananan hukumomi 23 na jihar, ka mai da shi Hausar da kakarka za ta gane, ka gayyato jami'in da zai amsa tambayoyin masu saurare kai tsaye.

Ka taka da ƙafarka zuwa unguwannin da ruwa ya saba ci: Kigo Road, Unguwan Rimi ta gangare, Kabala, Rafin Guza, Nasarawa, Romi, sassan Tudun Wada. Tare da mai unguwa, ku tsai da inda mutane za su nufa, ko makaranta ce, ko masallacin Juma'a, ko harabar coci, ku kuma san wanda makulli ke hannunsa. Ku lura da kwalbatin da ruwa ke fara shanyewa. Babban zunubi ne a wannan aiki ka tura mata da yara cikin dare zuwa ƙofar da ke garƙame.

Abu biyu suka rage, kuma na shugabannin tasha ne. A ware man janareta na gaggawa wanda ba a taɓawa. A kuma rubuta a takarda cewa ma'aikacin dare na da ikon katse kowane shiri, ko da wanda aka biya kuɗinsa ne, ya sa sanarwar ceton rai ba tare da jiran manaja ya ɗaga waya ba. Na ga an yi asarar sa'a guda cur saboda yaron da ke kan aiki yana tsoron a ce ya katse talla.

Mataki na biyu: minti goma sha biyar na farko

Labari ya shigo. Kafin ka buɗe baki, ka tambayi mai ba ka shi abu uku: kana ina yanzu, da idonka ka gani ko gaya maka aka yi, ƙarfe nawa abin ya faru? Sai ka kira mutum na biyu a unguwar wanda ba shi da alaƙa da na farko. Sai ka kira hukuma, ka sanar da su, ka kuma ji abin da suka sani. Kada ka ɗauka an riga an gaya musu.

Idan hoto ko bidiyo aka turo, ka dubi allunan shaguna, da lambar motoci, da launin Keke, ka saurari harshen da ake yi a ciki. Bidiyon ambaliyar 2022, har da na wasu ƙasashe, yakan dawo yawo duk damina da sabon suna.

Tantancewa fuska biyu gare ta. A daren 28 ga Maris 2022, lokacin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, wata matashiyar likita da ke ciki ta rubuta a Twitter cewa an harbe ta, a yi mata addu'a. Wasu suka ƙaryata ta, suka yi mata ba'a. Da gari ya waye aka tabbatar ta rasu. Kamar yadda ba ka yaɗa abin da ba ka tabbatar ba, haka ba ka ƙaryata abin da ba ka bincika ba. Idan rai na cikin haɗari kuma majiyarka ɗaya ce, ka fara sanar da masu ceto, sannan ka gaya wa jama'a daidai abin da ke hannunka: mun samu kira daga waje kaza, muna kan tabbatarwa, kafin nan a kauce wa hanyar.

Mataki na uku: tsara saƙon

A nan ne muka fi faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Kowa ya san wannan jimla: "Hukumomi sun yi kira ga mazauna yankunan da ke fuskantar barazanar ambaliya da su yi taka-tsantsan, su ƙaura zuwa kan tudu." Mun karanta ta sau ba adadi. Wanne yanki? Wane tudu? Yau ko mako mai zuwa? Mai saurare zai ɗauka da wasu ake, ya juya ya ci gaba da barci.

Saƙon da ke tayar da mutum daga shimfiɗa yana faɗin wanda ya aiko shi, da abin da ke tafe, da unguwa ko layin da ya shafa, da lokacin da ya rage, da abin da za a yi. Ga irin wanda nake so in ji, sai ka sa sunayen wurarenku:

"Wannan sanarwa ce daga hukumar agajin gaggawa tare da mai unguwa, ƙarfe 11 na daren Talata. Kogi na ƙara cika, ruwa ya haura gaɓa. Duk wanda gidansa ke layuka ukun da ke kusa da kogi, daga gidan mai zuwa tsohuwar maƙabarta, ya fita yanzu, kada ya jira asuba. A kashe wutar gida daga wajen mita idan ruwa bai kai wurin ba. A ɗauki yara da tsofaffi da magunguna da takardu. A nufi makarantar firamare ta kan tudu, ƙofa a buɗe take. Kada a bi ta kwalbatin kasuwa, ruwa ya shanye shi. A ƙwanƙwasa wa maƙwabta. Za mu dawo da ƙarin bayani ƙarfe 11 da rabi."

Ka lura ba a ce "yankin kudu maso yamma" ba. Mutanenmu da gidan mai da maƙabarta da bishiyar kuka suke kwatance. Haka ma awo. Maimakon santimita, ka ce ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ka kuma gaya musu abin da da yawa ba su sani ba: ruwa mai gudu da bai wuce inci 6 ba yana iya kayar da babban mutum, mai zurfin ƙafa 1 na iya ɗaga ƙaramar mota, ƙafa 2 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. 'Yan acaba da masu Keke da ke ganin za su iya kutsawa ta kan kwalbatin da ya nutse, wannan jimla tasu ce.

Ka sani kuma ba wanda ke tashi daga ji na farko. Mutum zai leƙa waje, ya kira ɗan'uwansa, ya duba ko maƙwabcinsa ya fito. Sai ya ji magana ɗaya daga baki biyu ko uku yake ɗaura kaya. Shi ya sa dole abin da rediyo ya faɗa ya zama shi liman ya faɗa, shi ne kuma a WhatsApp, kalma da kalma. In aka samu saɓani, mutum zai zaɓi wanda ya ce masa ya zauna.

Sai dalilan da ke hana mutane fita, waɗanda ba wauta ba ce. Akwai tsoron ɓarayi su yashe gida. Akwai awaki da kaji da buhunan masara, dukiyar shekara guda. Akwai mai cewa bara ma an faɗa kuma ba a yi ba. Ka amsa waɗannan a cikin saƙon: idan 'yan sintiri za su tsare layin, ka faɗa, amma sai in gaskiya ne, idan akwai filin da za a ɗaure dabbobi, ka ambata. Mai cewa ya dogara ga Allah kuwa, bar wa malamai shi. Sun san hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma Musulmi da Kirista duk sun san Annabi Nuhu ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai sauko ba. Jawabin minti ɗaya daga limami ko fasto da unguwa ta yarda da shi, wanda ka naɗa tun watan Afrilu, ya fi dogon sharhinka tasiri.

Mataki na huɗu: ta ina saƙon zai bi

Kaduna garin rediyo ne tun 1962 da aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa, wanda ya zama Rediyon Najeriya Kaduna. Yau ga KSMC, ga Nagarta, ga Freedom, ga Liberty, ga Alheri da sauransu. Masu ganin waya ta kashe rediyo su tuna ƙarshen 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar kusan wata biyu saboda matsalar tsaro. Ƙauyukan da abin ya shafa ba kira, ba WhatsApp. Ƙaramar rediyo mai batir ce ta rage musu. Ambaliya ma takan zo da ɗaukewar wuta, wayoyi su mutu ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai rediyo ba ya tayar da mai barci. Ruwan da ya ci Maiduguri bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 cikin dare ya shiga gari. Na Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, wanda ya kashe fiye da mutum 150, kafin gari ya waye ya sauka. A irin wannan lokaci lasifikar masallaci, da ƙararrawar coci, da usur ɗin 'yan sintiri, da bugun ƙofa su ne kafafen yaɗa labarai. Don haka kiranka na farko bayan hukuma ya zama ga mai unguwa da ladan. Ku yi yarjejeniya tun da wuri kan alamar da za a yi, a sanar da ita ranar Juma'a da Lahadi, don kada a ji ƙara cikin dare a ɗauka hari ne a ruɗe.

A WhatsApp, saƙon murya ya fi rubutu isa ga jama'a. Kada ya wuce minti ɗaya. Ka fara da sunanka da rana da lokaci da bakinka, domin saƙon murya ba ya tsufa a waya: wanda ka yi bana zai iya dawowa baɗi ya kori unguwa guda daga gidajensu a banza. Shugaban zaure ya rufe zauren na ɗan lokaci yadda shi da mutum biyu kaɗai za su iya turawa, in ba haka ba sanarwar za ta nutse cikin addu'o'i da hotuna.

Daga nan ka tambayi kanka wa ya rage bai ji ba. Matan da ke cikin gida mazansu na kasuwa ko wajen gadi. Tsofaffi. Kurame, waɗanda sai rubutu ko mai fassara da hannu a talabijin. Almajiran da ke kwana a zaure ko a rumfar bakin kwata, waɗanda sai an je wa malaminsu. Da waɗanda Hausa ba ita ce harshen da suke firgita da shi ba. Jihar nan akwai Gbagyi, da Fulatanci, da Adara, da Jju, da Tyap, da masu jin Turancin buroka kawai. Ka tanadi wanda zai karanta saƙon da harsunan yankinku.

Mataki na biyar: alƙaluma, sunaye da hotuna

Adadin farko kusan kullum yakan sauya. Da aka sace ɗaliban Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun ranar 7 ga Maris 2024, adadin da ya zaga duniya 287 ne. Da aka sako su bayan mako biyu da 'yan kwanaki, 137 gwamnati ta ce su ne. Ko wanne mutum ya gaskata, darasin ɗan jarida shi ne ya jingina kowane adadi ga wanda ya faɗe shi, ya sa lokaci, ya ce yana iya canzawa.

Ni kaina na taɓa karanta adadin yaran da aka ce ruwa ya tafi da su, daga bakin mutum ɗaya da ke kuka a waya. Da rana aka gano biyu daga cikinsu a gidan kakarsu suka kwana. Mahaifiyarsu tana wani gari, a rediyo ta ji, ta yi awanni tana makokin 'ya'yan da ke raye. Har yau abin bai bar ni ba. Tun daga ranar nake raba uku: waɗanda aka ga gawarsu, waɗanda ake nema, waɗanda ke asibiti. Ba na haɗa su, ba na kuma kiran sunan mamaci sai na tabbatar iyalinsa sun sani. In ka yi kuskure, ka gyara a tasha ɗaya, da murya ɗaya, a fili. Magana zarar bunu ce, amma gyaran da aka yi da wuri yana rage ɓarna.

Hoton gawa, ko na wanda ya ƙone, ko na matar da ruwa ya raba da zaninta, ba ya ceton kowa. Kada ka ɗauka, in an turo maka kada ka tura gaba.

Akwai kuma abin da ɗan Kaduna ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kai. Mun ga rikicin 2000, mun ga na 2011. Rikicin Nuwamban 2002, wanda ya ci rayuka fiye da 200, daga rubutun jarida ya tashi. Kogin nan da muke magana a kansa shi ne ya zama iyaka tsakanin mazauna garin tun bayan waɗancan shekaru. Saboda haka ƙabila ko addinin direban tankar da ta faɗi, ko na mai shagon da wuta ta fara, ba ya cikin labari. Kuma idan ruwa ya ci Tudun Wada da Romi a dare ɗaya, ka ba su lokaci daidai a shirinka, don masu saurare na lissafi. In kuwa harin 'yan bindiga ne, kada ka faɗi inda mutane suka ɓuya ko hanyar da jami'an tsaro suka bi. Maharan ma suna da rediyo da waya.

Mataki na shida: jita-jita

A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Iyaye suka tashi 'ya'yansu kafin asuba. An kwantar da mutane a asibiti, har aka samu rahoton rasa rai. Waɗanda suka yaɗa saƙon ba mugaye ba ne, masoya ne da suka tsorata kuma ba su ji komai daga inda ya dace ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shirunka shi ne tsagar. Ka tsai da lokaci, duk rabin sa'a ko duk sa'a, ka dawo ko da ba sabon abu: ga abin da muka tabbatar, ga abin da muke jira, ga lokacin da za mu sake magana. Idan za ka ƙaryata jita-jita, ka fara da gaskiyar, ka ambaci ƙaryar sau ɗaya a taƙaice, ka rufe da gaskiyar. Kada ka sake tura ainihin saƙon ƙaryar da rubutu a ƙasansa, domin mutane saman suke karantawa. Kuma kada ka zagi wanda ya turo, gobe shi ne zai kawo maka labarin gaskiya.

Shirin kiran waya yana da amfani sosai a irin wannan rana, da sharaɗi ɗaya: wani ya fara ɗaukar kiran a waje kafin a sa shi a iska. Mutumin nan ya riƙe littafi, yana rubuta inda aka maƙale da adadin mutane, yana miƙa wa masu ceto nan take.

Idan tankar mai ce

Wannan minti ake ƙirgawa. A Majiya ta Jigawa, Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka mutu. A mahaɗar Dikko kan hanyarmu ta Abuja, Janairun 2025, fiye da 80. Yawancinsu sun je kwasar mai ne. Idan ka ce "tanka ta faɗi, mai na zuba a waje kaza" ka tsaya, gayyata ka aika. Ka fara da umarni: a nisanci wajen, a kashe injin, kada a tayar da janareta, kada a kunna ashana. Ka bayyana cewa tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa da lambatu ya yi nisa, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ka gaya wa direbobi hanyar da za su sauya. Kai ma kada ka matsa don ɗaukar hoto.

Mataki na bakwai: bayan ruwa ya janye

A nan kyamarori ke tafiya, a nan kuma wahalar ke farawa. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a ƙasar nan ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, ta 2022 ta kashe fiye da 600. Waɗanda suka tsira sun yi watanni suna fama bayan an daina ambatonsu.

Abu na farko shi ne ruwan sha. Ambaliya na haɗa masai da rijiya, kwalara kuma ta biyo baya. Ka maimaita kullum: a tafasa ruwa ko a sa masa maganin tsarkakewa, a wanke hannu da sabulu, kada a sha daga rijiyar da ruwa ya shiga sai an yashe ta an sa magani. Wanda ya fara amai da gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ake samu a kemis, a kama hanyar asibiti ba jira. In babu na leda, a haɗa lita 1 ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, shafaffe ba tsororo ba. Ka karanta awon nan a hankali, sau biyu, don yawan gishiri na cutarwa. Ka gargaɗi masu komawa gida kan katangar ƙasa da ta sha ruwa, wadda takan faɗi bayan kwanaki, da wayar wuta da ta jiƙe, da macizai da suka fake a ɗakuna.

Sai kayan agaji. Ka tambayi buhu nawa aka kawo, wa ya karɓa, da wane jerin sunaye za a raba, wace rana, a ina. Ka karanta wannan a iska kafin rabo, domin abin da jama'a suka ji adadinsa yana da wuyar ɓacewa. Bayan rabo ka koma wajen matan da ke kwana a ajin makaranta ka ji ko ya iso gare su. Kada ka karanta lambar asusun neman taimako sai ka san mai shi ido da ido, kuma mai unguwa ya shaida.

Bayan wata ɗaya ka sake komawa, bayan wata uku ma haka. Ka tambayi hukuma me aka yi da magudanar da ta toshe, wa ya ba da izinin gini a kan hanyar ruwa, ina aka kwana kan alƙawarin da aka yi a gaban kyamara. Ka tambayi unguwa ita ma kan sharar da ake juyewa a kwata idan hadari ya haɗu. Ka kuma zauna da abokan aikinka ku duba abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba: wace lamba ce ba a ɗauka ba, wace unguwa ce saƙo bai kai ba. Wakilin da ya wuni yana ganin ana ciro gawarwaki a ba shi hutu, a kuma samu babba ya zauna da shi su yi magana.

Zuwa Nuwamba ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Sai ka ciro littafin lambobin nan ka buɗe sabon shafi. Ka naɗi sanarwa kan garwashin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, da tukunyar gas mai yoyo, da hita da dutsen guga da ake mantawa a jone a ɗauke wuta ta dawo cikin dare. Ka zaga Kasuwar Shehu Gumi da Panteka da Kasuwar Barci tare da shugabannin 'yan kasuwa, ku ga layin da motar kashe gobara za ta iya shiga da wanda tebura suka toshe, ka karɓi lambar masu gadin dare ka rubuta.